Maganin Gargajiya a Ƙasar Ayilan: Wanne Ne Magani, Wanne Ne Camfi?

A wannan mako za mu yi tafiya mai ɗan nisa, mu leƙa wata ƙasa da yawancinmu muka san sunanta amma ba mu san zaman mutanenta ba, wato ƙasar Ayilan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Duk wanda ya taɓa sayen dankalin Turawa a kasuwar Jos ko ta Bukuru ya ji ana kiransa "Airish". Dattawanmu da dama kuma a Kaduna da Kano da Jos da Yola sun yi karatu ko jinya a hannun su Fada da su Sista 'yan wannan ƙasa. Sistocin St. Louis sun sauka Kano a 1948, wata mutuniyar Dublin kuwa mai suna Marie Martin a nan Nijeriya ta kafa ƙungiyar Sistoci masu aikin asibiti a 1937.

To, abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutanen nan da suka zo mana da allura da ƙwaya, da yawansu sun tashi ne a ƙauyukan da uwa kan shafa wa ɗanta kitsen dinya a ƙirji in yana tari, kaka kuma ta ratsa da jikanta ta ƙarƙashin cikin jaki don ya rabu da tarin shiƙa. Su ma sun sha fama da tambayar da ke damun kowane gida in ciwo ya shigo da tsakar dare: wanne ne magani, wanne ne camfi, wanne ne kuma zai iya kai mutum kabari? Labarinsu ya isa a saurara.

Yara ne suka rubuta

Dalilin da ya sa aka san magungunan ƙauyukan Ayilan filla-filla shi ne wani aiki da aka sa yara suka yi. A 1935 gwamnatin ƙasar ta kafa hukumar tattara al'adun gargajiya, ta ɗora wani malami mai suna Séamus Ó Duilearga a kanta. Daga 1937 zuwa 1939 hukumar ta haɗa kai da ma'aikatar ilmi da malaman firamare, aka ce kowane yaro ya koma gida ya zauna da iyayensa da kakanninsa da tsofaffin unguwa, ya tambaye su tatsuniyoyi da karin magana da wasanni da sana'o'i da magunguna, ya rubuta a littafinsa na makaranta. Yara fiye da 50,000 daga makarantu 5,000 suka yi wannan aiki, abin da suka rubuta ya kai shafi wajen 740,000. Littattafan suna nan a ajiye a jami'ar UCD da ke Dublin, an kuma sa da yawansu a intanet, har jikokin yaran nan sukan nemo rubutun hannun kakanninsu su karanta.

Tun kafin wannan ma, wani likitan ido da kunne mai suna William Wilde ya riƙa tambayar talakawan da ke zuwa wurinsa irin magungunan da suke yi a gida, yana rubutawa. Bayan rasuwarsa matarsa ta buga littafi a kan batun a 1890.

Me ya sa suka dogara da na gida?

A zamanin da, Ayilan tana da gidajen likitoci na gado, kamar yadda ake gadon wanzanci ko ɗori. Gidan O'Hickey su ne likitocin sarakunan O'Brien, gidan O'Cassidy kuma na sarakunan Maguire a yankin Fermanagh. Sarki kan ba su gona, su kuwa su duba lafiyarsa da ta jama'arsa. Masu karatu ne ƙwarai, sun juya littattafan likitanci daga Latin zuwa harshensu. A 2019 wani farfesa na jami'ar Cork ya ba da sanarwar gano wani guntun fata da aka yi bangon tsohon littafi da shi, ashe wani yanki ne na littafin likitanci na Ibn Sina da aka fassara zuwa harshen Ayilan tun ƙarni na 15.

Amma da Turawan Ingila suka karya sarakunan ƙasar a ƙarni na 17 suka ƙwace filaye, sai gidajen likitocin nan suka watse, talaka ya koma ba shi da kowa sai tsohuwar da ta san ganye. Sai kuma babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta ruɓar da dankalin da talakawa suka dogara da shi. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, yawancinsu ta hanyar zazzaɓi da atuni da suka biyo bayan yunwar, wasu fiye da miliyan kuma suka yi ƙaura. A 1851 aka yi dokar da ta raba ƙasar yanki-yanki, kowane yanki da ɗakin shan magani da likitan gwamnati. Duk da haka likita ɗaya ne ga ƙauyuka masu yawa, hanya ba kyau, kuma sai talaka ya nemo takardar izini kafin a duba shi kyauta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Na ɗakin girki da na daji

Mu fara da waɗanda ke da amfani a cikinsu. A bakin tekun yamma akwai wata ciyawar ruwa da ke manne wa duwatsu, suna kiranta karagin. In ruwa ya janye sai mata su tsinko ta, su shanya har ta yi fari, su ajiye. Wanda tari ya kama, sai a dafa masa ita da madara ko ruwa har ta yi kauri kamar kunu, a sa zuma da lemun tsami, ya sha da zafinta. Yauƙinta, mai kama da na karkashi, yakan lulluɓe maƙogwaro ya rage ƙaiƙayi, zuma kuma likitoci sun yarda tana sassauta tarin mura. Sai dai a kula: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri.

Akwai wani ganye kuma da suke kira netil, wanda in ya taɓa fata sai ta yi ruɗu-ruɗu da zafi, amma in an dafa shi zafin ya mutu. Tsofaffinsu sukan ce wanda ya ci miyarsa sau uku a watan Mayu ya yi sallama da ciwo har shekara, wai yana wanke jini. Maganar shekara guda dai ƙari ce, amma akwai gaskiya a gindinta. Bayan watannin sanyi da mutane suka yi ba ɗanyen ganye, wannan ne kan fara tsirowa, yana kuwa da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin C.

Ga maruru, sai su jiƙa burodi da ruwan zafi ko madara mai zafi, su naɗe a ƙyalle su ɗaura a wurin. Ɗumin ne ke sa marurun ya nuna da wuri ya fashe. Ga zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kuwa, sukan dafa wani fure mai ƙanshi na bakin rafi, ko ɓawon wani itace da ke son ruwa. Su biyun suna ɗauke da sinadarin da ya yi dangantaka da asfirin, ƙwayar da kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa a 1897.

Abin mamaki kuma shi ne gansakukar fadama. Ayilan ƙasa ce mai yawan fadamu, inda wata irin gansakuka ke tsirowa wadda in ta bushe takan shanye ruwan da ya ninka nauyinta wajen sau 20, tana kuma da ɗan tsami da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Mutanen ƙauye sun daɗe suna ɗaure rauni da ita. Da aka shiga yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, auduga ta yi wuya, sai mata da yara suka bazama fadamu suna tsinto ta, ana tsabtace ta a Dublin, ana ɗinka ta cikin ƙyalle. Ɗaruruwan dubban irin wannan bandeji aka aika asibitocin soja.

Amma ba kowane ganye ne abokin wasa ba. Akwai wani dogon tsiro mai furanni kamar ƙararrawa, wanda suke kira "lus mór", wato babban ganye. Da shi ake yi wa yaran da aka ce aljanu sun taɓa wanka, wani lokaci har a ɗura musu ruwansa. Wani likitan Ingila, William Withering, ya nuna a 1785 cewa yana taimakon masu kumburin jiki, kuma daga danginsa ake samun maganin zuciya da asibitoci ke bayarwa har yau. Sai dai tazarar da ke tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke tsayar da zuciya ƙanƙanuwa ce ainun, ba a iya auna ta da tafin hannu. Haka nan sukan liƙa saƙar gizo a kan yanka, ko kashin shanu a kan ƙuna. Waɗannan hanya ce ta shigar cutar tatanus, mai sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. Abin da ƙuna ke bukata da fari shi ne a kwarara mata ruwan sanyi mai tsabta na minti 20, sa'an nan a nufi asibiti.

Akwai biyu da har yanzu ake yi a gidajensu. Na ɗaya, wiski da ruwan zafi da kanumfari da lemun tsami don mura. Barasar ba ta kashe ƙwayar mura. Ruwan zafin da lemun tsamin da hutun ne ke kawo sauƙi. Ƙasar kuwa ta ɗanɗana kuɗarta a hannun giya, har wani Fada mai suna Theobald Mathew ya tashi da gangamin barin sha a birnin Cork a 1838. Na biyu, lemon kwalba na 7Up da aka bari ya huce, wanda iyaye kan ba yaro mai amai ko zawo. Likitoci sun ce sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa ya yi kaɗan, yana iya ƙara zawon ma. Abin da ya dace shi ne ƙunshin ORS na asibiti, in babu kuwa a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Masu "magani a jini"

Kashi na biyu shi ne wanda babu ganye babu saiwa a cikinsa. Mutanen Ayilan sun gaskata cewa akwai waɗanda aka haifa da ikon warkar da wata cuta guda. Ɗa na bakwai a jerin maza, musamman in ubansa ma na bakwai ne, shi ke da maganin makero, sai ya shafa wurin kawai. Yaron da aka haifa bayan rasuwar ubansa, shi ke hura wa jarirai iska a baki don farin ƙurajen nan na harshe. Jinin mutumin da sunan gidansu Keogh, shi ake shafa wa mai ƙurajen nan masu zafi kamar wuta da kan zagaye gefen jiki kamar ɗamara. Wanda kuma ya taɓa lasar cikin wani ɗan ƙadangaren ruwa, an ce harshensa ya zama maganin ƙuna.

Tarin shiƙa, da yake yana kashe jarirai, shi ya fi tara dabaru. A ratsa da yaro ta ƙarƙashin jaki a ɗago shi ta bisa har sau uku. Ko a ba wata 'yar dabba mai kama da tunku madara, abin da ta rage a ba yaron. Ko a roƙo abinci daga gidan mata da mijin da sunan gidansu ɗaya ne tun kafin aure. Ko a tsaya a bakin hanya a jira mai farin doki, duk abin da ya ce a ba yaron shi ne magani. Mai hangum kuwa, sai a sa masa ragamar jaki a ja shi a zagaya ɗakin aladu. Hazbiya, a nuna ta da ƙaya sau tara ko a shafa mata zoben aure. Tsiron nan mai tauri na hannu da wasu ke kira tusar jaki, a goga masa katantanwa a soke ta a jikin ƙaya, wai tana bushewa yana bushewa.

Mai karatu zai ce, to in babu komai a ciki, yaya aka yi mutane masu hankali suka riƙe su shekara da shekaru? Amsar ita ce yawancin cututtukan nan masu tafiya ne da kansu. Hazbiya takan baje cikin mako guda ko makamancin haka, hangum cikin mako biyu. Tusar jaki a jikin yara, wajen biyu cikin uku sukan ɓace cikin shekara biyu ko an yi magani ko ba a yi ba. Jiki ya yi aikinsa, katantanwa ta sha yabo. Ban da haka, wanda ya warke shi ke yawo da labari. Jaririn da tarin shiƙa ya kashe bayan an ratsa da shi ƙarƙashin jaki, sai a ce kwanansa ne ya ƙare, ba wanda zai tuhumi jakin.

Sai dai mu faɗi alherinsu guda. A al'adarsu mai irin wannan baiwa ba ya karɓar kuɗi, sun ce ranar da ya sa mata farashi ranar za ta gudu. Ko da tsakar dare aka buga masa ƙofa yakan tashi. Uwar da ta rasa yadda za ta yi takan koma gida da sanin cewa maƙwabta sun damu da ɗanta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai jinya.

Rijiyoyin tsarkaka da ƙasar kabari

Kashi na uku shi ne inda magani ya cuɗanya da ibada. Akwai rijiyoyi da maɓuɓɓugai wajen 3,000 a Ayilan da ake danganta su da tsarkaka irin su Patrick da Brigid da Colmcille. Wata an ce ta ido ce, wata ta ciwon baya, wata ta ciwon kai. Mai ciwo yakan zagaya rijiyar yana addu'a, ya sha ruwan, ya jiƙa tsumma ya shafa inda ke masa ciwo, ya ɗaure tsumman a reshen itacen da ke kusa, da nufin tsumma na ruɓewa ciwo na tafiya. A daren 31 ga Janairu, jajiberen ranar Brigid, mata kan shanya ƙyalle a waje ya kwana, su ajiye shi don ciwon kai da na maƙogwaro. Shugabannin Ikilisiya ba su zuba ido kawai ba. A ƙarni na 19 bishop-bishop da dama sun hana bukukuwan shekara-shekara da ake yi a bakin rijiyoyin, saboda shaye-shaye da faɗace-faɗace da camfin da suka mamaye su.

Ga wani labari kuma daga ƙauyen Boho a yankin Fermanagh. Wani Fada mai suna James McGirr ya rasu a can a 1815, mutane kuma suka ɗauki al'adar ɗibar 'yar ƙasa daga kabarinsa, su ƙulle a ƙyalle su sa ƙarƙashin matashin kai, bayan kwana huɗu su mayar. A 2018 masana daga jami'ar Swansea suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan ƙasar yankin. Sun sami wata irin bakteriya da ba a san ta ba, wadda a ɗakin gwaje-gwaje ta hana wasu miyagun ƙwayoyin cuta girma, irin waɗanda suka gagari magungunan asibiti. Labarin ya zagaya duniya. Amma a lura da kyau: abin da aka gani a faranti ne na gwaji, tsakaninsa da ƙwayar da likita zai rubuta wa majinyaci akwai aikin shekaru. Ita kuma ƙasa, ko ta ina ce, tana ɗauke da tatanus, ba abin zubawa a rauni ba ce.

Mata biyu

Ba a maganar maganin gargajiya a Ayilan ba a ambaci Biddy Early ba, wadda ta zauna kusa da Feakle a yankin Clare, ta rasu a 1874. Ta san ganye, ana kuma ba da labarin wata kwalba shuɗiya da take dubawa ta faɗi abin da ke damun mutum. Limaman coci sun yi wa'azi a kanta sun hana mutane zuwa, jama'a kuwa ba su fasa ba, domin ba ta yanka musu kuɗi, abin da mutum ya kawo shi take karɓa. Har yau ra'ayi ya rabu a kanta.

Labarin ta biyun kuwa ba ya son maimaitawa, amma dole a faɗe shi. Bridget Cleary 'yar shekara 26 ce, tela mai keken ɗinki, tana kuma kiwon kaji, a ƙauyen Ballyvadlea na yankin Tipperary. A farkon Maris na 1895 ta kwanta da zazzaɓi da ciwon ƙirji. Likita ya zo ya duba ta ya ba da magani, Fada ma ya zo ya yi mata addu'a. Amma mijinta, Michael Cleary, ya riga ya sa a ransa cewa aljanu sun ɗauke matarsa ta gaskiya sun ajiye masa wata a madadinta. Ya ajiye maganin likita, ya je wurin mai maganin aljanu ya karɓo ganye. A daren 14 ga wata maza suka danne ta a gado suka ɗura mata ganyen cikin madara, suka kai ta bakin murhu suna tambayarta ko ita ce. Kashegari da dare mijin ya kayar da ita, ya kwara mata man fitila, wuta ta cinye ta a gaban danginta. Bayan haka ya riƙa zuwa wani tsohon tudu yana jira wai matarsa za ta fito a kan farin doki. Ranar 22 ga Maris 'yan sanda suka tono gawarta a wani ɗan rami. Aka gurfanar da shi tare da wasu, har da mahaifinta da 'yan'uwanta. Kotu ta ɗaure shi shekara 20, ya yi 15 aka sake shi a 1910.

Abin tsoro a nan shi ne, mutanen da ke ɗakin nan duk masu zuwa sujada ne, da sunan Allah ma suke yi mata tambayar. Maganin da zai taimake ta yana cikin gidan. Da zarar an daina kallon majinyaci a matsayin ɗan'uwa mai ciwo, aka koma kallonsa a matsayin mazaunin aljani, to, tausayi ya fita ta taga, kuma babu irin azabar da ba za a yi masa ba da sunan taimako.

Abin da ya kori tarin fuka

A farkon ƙarni na 20 tarin fuka yana kashe fiye da mutum 10,000 kowace shekara a Ayilan. Abin kunya ne a wurinsu, gida kan ɓoye mai shi don kada a ƙi auren 'ya'yansu. Sun gwada wani ganye mai laushi da ake dafawa da madara, sun gwada tafarnuwa, sun je rijiyoyi, mutane dai suna ta mutuwa. A 1948 aka naɗa wani likita ɗan shekara 32, Noël Browne, ministan lafiya. Shi kansa ya yi ciwon, kuma ciwon ne ya kashe uwarsa da ubansa da wasu 'yan'uwansa. Ya gina asibitocin masu tarin fuka, ya sa ana ɗaukar hoton ƙirji kyauta, aka yawaita allurar BCG. A daidai lokacin kuma sabon magani mai suna streptomycin ya iso, wanda aka gano a Amurka a 1943 daga bakteriyar cikin ƙasa, dangi ɗaya da wadda aka samu a Boho. Cikin 'yan shekaru mace-macen suka ragu ƙwarai. Tarin shiƙa ma, allurar rigakafin da aka fara yi wa jarirai a shekarun 1950 ce ta karya lagonsa, jakuna suka huta.

Ma'auni ga mai bi

Littafi Mai Tsarki bai hana magani ba. Annabi Ishaya ya sa aka ɗora wa Sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa. Basamariyen nan na misalin Ubangijinmu da mai da ruwan inabi ya wanke raunin mutumin da 'yan fashi suka sara, ya ɗaure, ya kai shi masauki ya biya kuɗin jinya. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Yakubu kuma ya umarci mai ciwo ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a. Abin da Kubawar Shari'a sura 18 ta hana shi ne duba da sihiri da neman shawarar matattu. Saboda haka, daga abin da muka gani a Ayilan, ga tambayoyi huɗu da ya kamata mu riƙa yi kafin mu karɓi kowane magani na gida.

Na ɗaya, mene ne a cikinsa, kuma nawa ake sha? Mai maganin da ya ƙi faɗin abin da ya haɗa, ko ba shi da ma'auni, a yi hattara da shi.

Na biyu, zai iya yin ɓarna? Ruwan ɗumi da zuma ga babba ba su da laifi. Abin da za a zuba a ido, ko a rauni, ko a ɗura wa jariri, wannan sai da shawarar ma'aikacin lafiya.

Na uku, yana jinkirta zuwa asibiti? Nan ne yawancin rayuka ke salwanta. Yaron da ke numfashi da sauri ko haƙarƙarinsa na faɗawa, ko ya ƙi nono, ko yana sanƙamewa. Zawo mai jini. Tarin da ya wuce mako biyu. Mai cikin da ke zubar da jini, duk waɗannan ba na jira ba ne. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati na ƙasarmu, allurar da ke kare jariri daga tarin shiƙa kuma ana yin ta a mako na 6 da na 10 da na 14 da haihuwa. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, ina yake kai zuciyarmu? In magani ya zo da tsoro, da nuna yatsa ga wata tsohuwa ko wani yaro cewa su ne sanadi, da duka ko ƙuna ko ɗauri, mu tuna da Bridget Cleary mu tashi tsaye mu hana, ko da a gidan ɗan'uwanmu ne, ko da an fara da addu'a.

Daga ƙarshe, aikin yaran nan na 1937 abin koyi ne. Da ƙungiyoyin matasa da Zumuntar Mata za su zauna da tsofaffinmu su rubuta abin da suka sani na ganye da saiwa tun suna raye, sa'an nan a kai wa ma'aikatan lafiya na ikilisiya su taya mu tacewa, da mun riƙe mai amfani mun zubar da mai cutarwa, jikokinmu kuma su sami abin karantawa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya ba likitocinmu da nas-nas hikima. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Ubangiji ya yarda.